Kyanwa da Farautarta: Shawara ga Manoman Ƙasar Gezawa

Zuwa ga dagatai, da masu unguwanni, da dukan manoma masu karatu na ƙasar Gezawa. Muna roƙon wanda takardan nan ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, ko a zaure ko a dandali, gama maganar da ke ciki ta shafi kowane gida mai rumbu.

Maganan nan a kan kyanwa ce, wadda a ke kira mage. Duk magidancin da ya taɓa ajiye ta ya san wani hali nata. A kan tashi da safe a tarar da mataccen ɓera a bakin ƙofar ɗaki, ko ƙadangare ba wutsiya a ƙarƙashin gado, wata rana kuwa ɗan tsakon maƙwabci. A nan mutane su kan rabu biyu. Waɗansu su ɗauki sanda, su ce ƙazama ce, ɓarauniya. Waɗansu kuwa su ce madalla, tun da ta iya nema wa kanta, ba sauran a ba ta abinci. Duka biyu sun yi kuskure, hatsin rumbu kuwa shi ke biyan kuɗin kuskuren. Farauta halin kyanwa ce tun fil azal, ba mai iya cire mata ita. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya juya halin nan wajen rumbu, ya kawar da shi daga akurki.

ABIN DA YA SA BATUN YA SHAFE MU

Ƙasar Gezawa tana cikin kewayen nan na Kano inda gona ke manne da gona. Daga Jogana zuwa Babawa, daga Tsamiya Babba zuwa Tumbau, da wuya ka ga saura, kowace shekara a kan zuba taki a noma gero da dawa da wake da gyaɗa. Daji ya yi nisa, namun dajin da ke cin ɓera kuwa sun ragu. Sa'ad da kaka ta wuce, aka kwashe amfani, gonaki suka zama fili, ɓerayen gona ba su da wurin zuwa sai inda aka kai dammuna, watau gidajenmu. Can su ke samun rumbu, da tarin kara, da harawa, su ci su ɓuya su hayayyafa.

Ku dubi lissafin nan. Ɓeran gida ya kan ci abin da ya kai giram 15 na hatsi a rana. In ɓeraye 20 suka zauna a gida ɗaya tun daga kaka har faɗuwar damina, watau wajen kwana 180, sun ci kilo 54, wanda ya ɗara rabin buhu. Wannan ban da abin da suka ɓata da kashi da fitsari, da buhunan da suka huda. Buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake, wanda a ke kira PICS, amfaninsa duka a kan hana iska shiga ya ke, in ɓera ya yi masa huda ɗaya ƙwari sun farfaɗo ke nan. Ga kuma saurin haihuwa. Cikin ɓera mako uku ne kawai da 'yan kwanaki, ɓeran gona mai nonuwa da yawa kuwa ya kan haifi 'ya'ya 10 ko 12 a ciki ɗaya.

ASALIN KYANWA

Ba mutum ya koya wa kyanwa kamun ɓera ba, kamun ɓera ne ya kawo ta wurin mutum. A shekarar 2007 masana suka gwada ƙwayoyin gado na kyanwoyi kusan 1,000 daga ƙasashe dabam dabam, suka tarar kyanwar gida ta duniya duka ta fito ne daga kyanwar daji irin ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yanzu a ke samu a dazuzzukan Arewa. Da mutanen farko suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru, kyanwar daji ta biyo su, mutane kuwa suka ga amfaninta suka bar ta. A 2004 aka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara wajen 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi. Tsibirin ba shi da kyanwa tasa ta asali, saboda haka lalle a jirgin ruwa aka kai ta. Mutanen Masar na dā kuma sun zana ta a bangon kaburburansu, tana zaune ƙarƙashin kujerar uwar gida.

To, abin da aka gada shekaru dubbai, sanda ba ta kankare shi. Hali zanen dutse ne.

DON ME TA KE KAWO ABIN DA TA KAMA GIDA?

Dalili biyu ne masana suka fi amincewa da su. Na fari, tarbiyyar 'ya'ya. Kyanwa ta kan yi ciki wajen kwana 63. In 'ya'yan suka kai kamar mako huɗu, sai uwar ta fara kawo musu mataccen ɓera ta ci a gabansu. Bayan haka ta kawo ta bar musu su ci. Sa'an nan ta kawo mai rai wanda ta raunana, ta sake shi, ta tsaya tana kallo, in ya nemi kuɓuta ta tare shi ta mayar. Makaranta ke nan, aji bayan aji.

Na biyu, neman wurin aminci. Kyanwa ƙaramar mafarauciya ce, a waje kuwa akwai kare da shirwa da 'yan'uwanta masu ƙwace. Saboda haka ta kan ɗauki abin da ta kama ta kai inda hankalinta ya fi kwanciya, wurin nan kuwa shi ne ɗakin da ta ke kwana. Shi ya sa muzuru ma ya kan kawo, da macen da ba ta taɓa haihuwa ba. In ta iso ta ga ba ta jin yunwa, sai ta ajiye ta yi tafiyarta.

Wasan da ku ke gani tana yi da ɓera, ta jefa shi ta sake cafewa, ba mugunta ba ce. Ɓera yana da haƙora masu kaifi, ita kuwa ba ta kashewa sai da cizo ɗaya a ƙeya, wanda ke sa fuskarta ta kusanci bakinsa. Don haka ta ke gajiyar da shi tukuna.

Ku sani kuma abin da ke isowa ƙofar ɗaki kaɗan ne daga aikinta. A jihar Jojiya ta Amurka aka rataya wa kyanwoyi 'yan na'urorin ɗaukar hoto a wuya, aka ba da sakamakon a 2013. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na abin da suka kama suka kawo gida, suka cinye kaɗan fiye da haka, kusan rabi kuwa suka bar shi inda suka kashe.

KADA A HANA TA ABINCI

Mutane da yawa suna tsammani ƙosasshiyar kyanwa raguwa ce. An gwada wannan. A 1976 wani masani mai suna Adamec ya ba kyanwoyi abincin da suka fi so, suna cikin ci sai ya sako ɓera. Suka bar abincin, suka kashe ɓeran, suka jawo shi kusa da kwano, suka koma ga cinsu. Ashe motsin ɓera ke tayar da farauta, ko da ciki a cike ya ke.

Abin da yunwa ke yi dabam ne. Kyanwa mai yunwa ta kan yi nisa da gida, ta bar rumbun mai ita ta shiga na wani. Ta kan nemi abin da ya fi sauƙin kamu, watau tsaki da 'yan shila, ta buɗe tukunya, ta sauke kifi daga inda aka rataye. Ramammiya kuma ba ta da ƙarfin yin kwanto awa da awa a bakin rami. Malamai sun sha faɗakar da mu a kan alhakin wanda ya tsare kyanwa bai ciyar da ita ba, a nan kuwa tausayi da riba hanyarsu ɗaya.

Jikin kyanwa na mai cin nama ne, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. A riƙa ba ta kan kifi, da guntun kayan ciki, da tarkacen nama daga wurin mahauta, a dafa, a gauraya da ɗan tuwo. A ajiye mata ruwa mai tsabta kullum. Ɗanyar madara ta kan sa babbar kyanwa zawo, sai a ba ta nono kaɗan maimakonta. Kada a ba ta abin da ya ji albasa ko tafarnuwa da yawa, gama suna ɓata mata jini. Dabara kuma ita ce a riƙa ajiye kwanonta kusa da rumbu, domin inda ta ke ci nan ta ke ɗauka gidanta.

ABIN DA TA IYA, DA ABIN DA YA FI ƘARFINTA

Wani masanin dabbobi na Jami'ar Oksfod, Charles Elton, ya bincika aikin kyanwoyi a gidajen gona na Ingila, ya rubuta abin da ya gani a 1953. Ya tarar in ɓeraye sun riga sun cika wuri, kyanwa ba ta iya ƙarar da su. Amma in aka fara rage su ta wata hanya, sa'an nan aka ajiye kyanwoyi ana ba su abinci, su kan hana sababbi shigowa, har nisan yadi 50 ko makamancin haka kewaye da gini. Watau kyanwa mai gadi ce, aikin share gida kuwa na mai gida ne.

Saboda haka tun kafin a shigo da dammuna, a share tsohon rumbu, a liƙe tsaguwa da huda, a toshe ramuka. A kafa tarko dare da dare har kamu ya ragu. A nome ciyawar da ke kewaye, a janye tarin kara da itace daga jikin rumbu. A bar ƙarƙashinsa a buɗe, bisa duwatsunsa, yadda kyanwa za ta iya shiga ta fita. Buhuna kuwa a ɗora su bisa katako, a bar taƙi tsakaninsu da bango. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: a rufe tukwane, kada a kwana da sauran tuwo a buɗe.

Kada a sa ran kyanwa ta kama gafiya, ta fi ƙarfin yawancinsu. Jaɓa kuwa ta kan kashe ta ta bari saboda wari, wannan kuma asara ce, domin jaɓa ƙwari ta ke ci, ba hatsi ba. Mujiya ma mai taimakon manomi ce, ɓeraye ne abincinta kowane dare, bai kamata yara su jefe ta ba.

Wajen zaɓe, a nemi ɗiyar uwa mafarauciya. A 1930 wani masanin ƙasar Sin, Zing-Yang Kuo, ya raba 'yan kyanwa kashi uku. Waɗanda suka tashi suna ganin uwarsu tana kashe ɓera, 18 cikin 21 suka zama masu kashewa. Waɗanda suka tashi su kaɗai, 9 cikin 20. Waɗanda aka rena tare da ɓeraye kuwa, 3 kaɗai cikin 18. Don haka a bar ɗa wurin uwarsa har wata biyu ko uku kafin a ɗauko. Babbar da aka tsinto ta kan koma inda ta saba, shi ya sa a ke cewa tsintacciyar mage ba ta mage.

YADDA ZA A YI DA ABIN DA TA KAWO

Da farko, kada a doke ta. Ba ta gane laifin da a ke hukunta ta a kansa, abin da ta ke koya kawai shi ne tsoron mai gida. Gobe sai ta kai ɓeran bayan randa ko ƙarƙashin gado ya ruɓe a can, ko kuwa ta ƙaura. In ta shigo da mai rai kada a yi mata tsawa, gama za ta sake shi ya ɓace cikin kaya. A ja ƙofa a bar ta ta gama. In tana riƙe da matacce, a miƙa mata ɗan nama, za ta saki wancan.

Na biyu, kada a taɓa mataccen ɓera da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin Jihar Borno ta yau, ɓeran nan mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi, ya kan kama mutum ta fitsarin ɓeran da kashinsa da jininsa, ya fi yawa kuwa da rani, lokacin da ɓeraye ke cikin gidaje. A ɗauke shi da shebur ko fartanya, ko a sa leda a hannu. A ƙone, ko a binne cikin rami mai zurfin kamu ɗaya ko fi, nesa da rijiya. Kada a jefa shi a lungu ko bisa juji inda kaji da yara ke zuwa. A yayyafa ruwan sabulu ko na bilic a wurin kafin a share, domin kada ƙura ta tashi, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Wanda zazzaɓi ya kama, maganin zazzaɓin sauro bai sauke shi ba, a kai shi asibiti da wuri.

Na uku, a lura da lafiyar kyanwar kanta. Cin ɓera ya kan sa mata tsila da waɗansu tsutsotsin ciki, sai a riƙa neman magani wurin malamin dabbobi, a kuma yi mata allurar ciwon haukan kare, gama ita ma ta kan ɗauka. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ta ke samu daga ɓera da tsuntsu, ta fitar cikin kashinta, wadda ke cutar da ɗan da ke ciki. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a gonakin kaji na Kaduna da Kano a 2006, ya zama wajibi kuma kada a jefa wa kyanwa mushen kaza.

TSAKI DA TATTABARU

Nan ne yawancin husuma ke tashi, maganinta kuwa yana cikin lokaci. Ɓera da dare ya ke fita, tsaki kuwa da rana ya ke yawo. To, da magariba a rufe kaji cikin akurki mai ƙofa, a sake kyanwa wajen rumbu. Da safe a ba ta abinci tukuna, kāna a buɗe akurki. Ta ƙoshi, ta gaji da aikin dare, barci za ta nema. Tsaki da 'yan zabi da ba su kai wata ɗaya ba, a kife su da babban kwando tare da uwarsu, wannan ya kare su daga shirwa har wa yau. Ɗakin tattabaru a ɗaga shi bisa dirka, a naɗe dirkar da langalanga mai santsi, a kuma nisanta shi daga katanga da reshen itace. Ɗan kyanwar da ya tashi cikin kaji ya kan saba da su, amma duk da haka kada a bar shi da tsaki ba mai kallo. Ba banza ba a ke yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai.

Wanda ya ajiye kyanwa don sha'awa, ba ya kuwa son ganin gawa a ƙofarsa, ga abin da masanan Jami'ar Ekseta ta Ingila suka samu a 2021. Abinci mai nama da yawa ya rage abin da kyanwoyi ke kawowa da kashi 36 cikin 100. Wasa da su minti 5 zuwa 10 kullum ya rage da kashi 25. Wasan ba wuya, a ɗaura gashin kaza a zare a ba yaro ya riƙa ja. Waɗansu su kan rataya mata ƙararrawa, amma ƙararrawar da ta gargaɗi kurciya ta gargaɗi ɓera, ba ta dace da kyanwar rumbu ba.

SHINKAFAR ƁERA

Gida ɗaya ba ya ɗaukar kyanwa da guba. Ɓeran da ya ci shinkafar ɓera ya kan fito yana tangaɗi, shi ne kuwa mafi sauƙin kamu. Kyanwa ta ci shi, gubar ta shiga jikinta, mai gadi ya mutu, ɓeraye kuma su dawo cikin 'yan watanni ba mai tare su. Kaji ma su kan tsattsage ta, yara ƙanana su kan tsinta. Tarko ya fi, gama abin da ya kama kana ganinsa.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Tun da gidajenmu suna kusa da juna, ɓeran gida ɗaya na unguwa ne duka, hakanan kyanwa. Muna ba ku shawara huɗu.

1. Kafin girbi ku sa rana ɗaya, kowane gida ya share rumbu ya kafa tarko tare, domin kada ɓerayen wannan su gudu gidan wancan.

2. Wanda ya ga lalle sai ya sa guba, ya sanar da mai unguwa da maƙwabta tukuna, a tsare kyanwoyi da kaji, ya kuma tattara matattun ya binne kowace safiya.

3. In aka kawo ƙarar kyanwa ta ci tsaki, ku tambayi mai kyanwa ko yana ciyar da ita, ku tambayi mai kaji ko yana rufe su. A sasanta a kan abin da aka rasa, kada a bari ya kai ga kashe dabba a ɓoye, gama daga nan gaba ke farawa.

4. Kada a bar kyanwoyi su yi yawa har su zama marasa gida, gama su ne masu ɓarna. Biyu ko uku sun ishi babban gida. A raba 'ya'yan ga masu bukata, sauran kuwa malamin dabbobi ya iya fiɗiye su. Fiɗiya ba ta hana farauta, yawo da faɗa ta ke ragewa.

Wanda ke da tambaya ya nemi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyaye mana abin da muka tara. Haza wasalam.